Lawwali Mai Faci da 'Yan Ƙasa da Sha Bakwai

A Illela, kan titin da ya miƙe zuwa bakin iyaka, akwai wata rumfar kwano da tsofaffin tayoyi jibge a gabanta. Nan Lawwali yake faci. Aikinsa ba laifi in dai mutum ba ya sauri, domin kafin ya liƙe huda ɗaya sai ya ba ka labarin kofin duniya uku. 'Yan kabu-kabu sun san halinsa, shi ya sa wanda tayarsa ta sace da safe yakan aika gida a ajiye masa abincin rana.

Ba abin da ya fi zama a bakin Lawwali kamar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara sha bakwai. Sau biyar yaran nan suka ɗauko kofin duniya, kuma a faɗarsa babu kofin da ba shi da hannu a ciki. Na farko, wanda aka ciwo a ƙasar Sin a 1985, ya ce da shi za a tafi, har an auna masa takalmi, sai motar da ta ɗauko shi ta lalace a Gwadabawa. Na Japan kuwa shi ya yi mafarkinsa tun ba a buga ba. Sauran ukun, har da na ƙarshe da aka ciwo a Chile, yana gaban talabijin yana daka wa yaran tsawa, duk inda ya ce a buga nan suke bugawa.

Akwai wani ɗan kabu-kabu, Zulkiflu, wanda ba ya barin magana ta wuce shi. Wata rana ya ce, "To Lawwali, daga Chile suna jin ka?"

"Ba su ji na," in ji Lawwali, "amma ai sun yi abin da nic ce."

Sai daminar 2016 ta zo da abin da ba a zata ba. A wasan neman shiga gasar Afirka, yaran Nijar suka fitar da na Najeriya, masu riƙe da kofin duniya. Ranar, hon ɗin baburan Ƙonni, garin Nijar da ke ƙetaren iyaka, har cikin Illela ake jin sa.

Washegari da hantsi sai ga Abdulmalik, ƙanen Tayyiba matar Lawwali, ya tsallako daga Ƙonni a kan babur, ya ɗaura tutar Nijar a madubi. Ya tsaya gaban rumfa.

"Yaya Lawwali, duba mini tayar ga."

Lawwali ya matsa ta gaba, ya matsa ta baya. "Lafiyarsu lau."

"Na sani. Gaisuwa niz zo yi maka. Ya ƙarin haƙuri? An ce jiya muryarka ta dishe, yaran ba su samu mai gaya musu inda za su buga ba."

Masu jiran faci suka kwashe da dariya. Lawwali ya ajiye tub ɗin da ke hannunsa ya miƙe.

"Kai yaro na, ba ka san komai ba. Ba ku kunka ci mu ba. Ba ka ji a rediyo ba? Wata na'ura anka kawo mai duba ƙashin wuyan hannu ta faɗi shekarun mutum, ita tas sallami 'yan wasanmu tun ba a tahi ba. Da ni anka ba aikin, da hannuna zan tantance su. Mutumin da ke taɓa tub ya san sabo da tsoho ido rufe, ƙashin ɗan Adam zai gagare shi?"

"To mi ya hana ka?"

"Ba abin da ya hana ni! Zan haɗa 'yan ƙasa da sha bakwai na Illela. Ka kawo naku na Ƙonni. In munka lallasa ku, Abuja da kanta za ta aiko mota ta kwashe su, da ni a gidan gaba."

"Allah shi sa kar ta biyo ta Gwadabawa," in ji Zulkiflu.

Abdulmalik ya miƙa hannu, suka tafa, aka sa ranar Juma'a bayan la'asar. Kafin azahar labari ya zagaye tasha da kasuwa, har mai unguwa ya aiko cewa a ajiye masa kujera. Lawwali ya rufe rumfa, ya rataya usur a wuya, ya ce daga yau kowa ya kira shi Koci.

A filin makarantar firamare aka yi tantancewa. Yara suka cika wurin, a cikinsu har da Mujtaba, wani siririn yaro da duk unguwar ta san ba a ƙwace ƙwallo a ƙafarsa. Lawwali ya ce zai fara gwada su da kansa. Ya tsaya ya buɗe ƙafafu, ya ce wa Mujtaba, "Zo ka wuce ni in ka isa."

Mujtaba ya zo ya zura ƙwallon ta tsakanin ƙafafunsa. Lawwali ya juya, yaron ya sake zura ta daga baya. Da ya sake juyawa sai ya tarar da kansa zaune a ƙasa. Filin ya ɗauki ihu.

Lawwali ya tashi ya kakkaɓe wando, ya ce gwajin ƙafa ya ƙare, saura na ƙashi. Ya zauna kan taya, ya kama wuyan hannun Mujtaba, ya matsa, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya kara a kunne, ya girgiza kai.

"Ƙashin ga ya tsufa. Ashirin da biyar, ko da shida. Na gaba!"

Duk yaron da ya yi dariya ɗazu, ƙashinsa ya tsufa. Ba a jima ba sai ga mahaifin Mujtaba, Baraka ɗan dako, ya iso a fusace, gumi na zuba, ya bar kurarsa da buhunan albasa a bakin hanya.

"Lawwali, mi kac ce? Ɗan da ni na haifa, bana yake cika sha biyar, kai ka ba shi ashirin da biyar?"

Lawwali bai saurare shi ba. Ƙwaurin Baraka yake kallo, da ƙirjin nan mai faɗin ƙofa. Ya cafko hannunsa, ya matsa, ya kara a kunne, ya zaro ido.

"Allahu Akbar! Sha shida."

"Wa?"

"Kai. Ƙashinka ɗanye shataf. Kai ne kyaftin."

Baraka ya ƙura wa hannunsa ido kamar yau ya fara ganin sa. Can ya juya wajen ɗansa. "Ka ji abin da Koci yac ce. Tahi gida ka huta, dattijo."

Da labari ya bazu cewa Lawwali na rabon ƙuruciya kyauta, sai ƙarti suka yi layi. Muhyiddeen mahauci ya samu sha biyar. Mukhtari mai shayi, wanda tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki, ya samu sha huɗu da rabi, aka ba shi gola, domin Lawwali ya ce ko bai motsa ba ya tare rabin raga. Wanzamin bakin tasha bai taɓa aske gemu da yawa irin na ranar ba.

"Koci," in ji Zulkiflu, "wancan ɗan sha shidan, hurhura nika gani a kansa."

"Gado na. Danginsu da ita aka haihuwarsu."

Aka shiga atisaye. Ƙwallo ɗaya ce da su, tsohuwa, Lawwali ya yi mata faci har wuri biyar. Ya ce ƙwallon Turai tauri gare ta, don haka ya jona mata injin ba taya iska. Zulkiflu ya ce ta isa. Lawwali ya ce shi da ya kusa zuwa ƙasar Sin ba za a koya masa iska ba. Daidai lokacin ana kora shanu ta gefen fili za a kai su kara, kasuwar dabbobi, sai ƙwallon ta fashe da ƙara kamar bindiga. Wani bijimi ya tsinke igiya ya yo cikin fili. 'Yan ƙasa da sha bakwai suka watse, Mukhtari ya faɗa ajin 'yan aji uku ta taga ya maƙale, Koci kuwa ba wanda ya ga lokacin da ya hau bishiyar dogon yaro.

Da aka kama bijimin, ya leƙo daga cikin ganye ya hura usur. "Madalla! Gudun da nika so ke nan. Haka za ku yi ran Juma'a."

Sai maganar jesi. Lawwali ya ce ƙungiyar ƙasa kore take sawa, don haka ya tara fararen singileti, ya sayo garin rini a kasuwa. Tayyiba ta same shi a tsakar gida yana juya su da muciya a cikin babbar tukunyarta.

"Malam, tukunyar tuwona ta!"

"Aikin ƙasa na, Tayyiba."

"Ka kai wa marina mana. Rinin ga bai kama ba, ko ruwa yat taɓa shi zuba zai yi."

"Na gane. Ɗan'uwanki ya aiko ki ki karya mini gwiwa. Faɗi gaskiya, ran Juma'a bayan wa kike, mijinki ko Ƙonni?"

"Ina bayan wanda bai ɓata mini tukunya ba."

Da yamma tuwon gidan ya fito kore. Lawwali ya ci malmala biyu ya ce alamar nasara ce.

Ran Juma'a hadari ya haɗo ta gabas, amma bai hana kowa zuwa ba. Masu canji suka bar teburansu, 'yan kabu-kabu suka jera babura suka zagaye fili, mutanen Amarawa suka zo a ƙafa. Mai unguwa ya zauna a gaba cikin farar babbar riga. Zulkiflu ya aro lasifikar wani mai tallan magani ya naɗa kansa mai sharhi. Malam Dabo, malamin makarantar, shi aka ba alƙalanci.

'Yan Illela suka fito cikin koren singileti, haɓa duk a aske tana ƙyalli, ƙasa na girgiza. Can sai ga a-kori-kura daga Ƙonni. Yara sirara suka yi ta dirowa. Na farkon da ya diro Mujtaba ne. Bayansa kuma yawancin waɗanda Lawwali ya ce ƙashinsu ya tsufa.

Lawwali ya ruga wajen Abdulmalik. "Mi ne ne wannan? Waɗanga ai 'yan Illela na!"

"Kakar Mujtaba 'yar Ƙonni ta. Wancan uwarsa 'yar Ƙonni ta. Nuna mini mutum ɗaya a filin ga da ba shi da kaka a ƙetare. Kuma kai kac ce ba ka so, ni na tsinta."

"Tsofaffi na! Alƙali, a duba shekaru!"

Malam Dabo ya dubi Mujtaba, ya dubi Baraka da ke ɗaure gwiwa da tsumma. "To, Koci. Amma in za a duba, daga ɓangarenka za mu fara."

"A buga wasa," in ji Lawwali. "Lokaci na tahiya."

Ana hura usur aka fara yayyafi. Mujtaba ya karɓi ƙwallo ya nufi ubansa. Baraka ya buɗe hannuwa kamar mai kama akuya. Yaron ya yi hagu, ya yi dama, ya wuce, ya buga ta gefen tumbin Mukhtari. Raga ta motsa.

"Ɗaya ke nan!" in ji Zulkiflu a lasifika. "Dattijo ya yanke ƙaramin yaro. Jama'a, ina tausayi?"

Baraka ya bi ɗansa yana haki. "Kai, Mujtaba! In ka sake wuce ni, yau ba ka cin tuwo a gidana."

"Baba, Inna ta ce in ci a wurinta."

Ya sake wuce shi. Yayyafi ya ƙaru, rini ya fara aikinsa. Koren ya sauka daga singileti zuwa wando, daga wando zuwa ƙwauri. Wanda ya share gumi sai fuska ta koma kore. Muhyiddeen mahauci ya rungumi wani yaro don ya tare shi, yaron ya fito rabi kore. Lawwali na bakin layi yana tsalle yana ihu, "Ku matse! Ku buɗe! Ku koma! Ku tahi!" duk a numfashi ɗaya, har 'yan wasansa biyu suka yi karo suna ƙoƙarin bin umarni.

Aka tafi hutun rabin lokaci huɗu da nema. Lawwali ya tara su zai yi jawabi, amma ba mai iya tsayuwa. Wani na neman man zafi, wani na tambayar wa ke da goro.

"Dabara ta," in ji Lawwali. "Mun bar su su gaji."

"Koci," Baraka ya ce daga kwance, "su sun san da haka?"

An dawo ba da jimawa ba sai aka ji guɗa daga bayan raga. Ummu ce, matar Mukhtari gola, ta kutso cikin mutane tana riƙe da mayafi.

"Malam! Malam! 'Yarmu Hanifa ta sauka lafiya! Ka yi jika namiji!"

Zulkiflu bai bari ta faɗi ƙasa ba. "Jama'a, albishirinku! Golanmu ɗan shekara sha huɗu da rabi ya yi jika! Allah shi raya!"

Fili ya amsa da amin da dariya, har mai unguwa ya rufe baki da hannun riga. Mukhtari ya yar da safar hannu ya bi matarsa da gudun da bai yi ba tun da aka fara wasa. Ƙwallo ta gangaro a hankali ta shige ragar da ba kowa. Biyar.

Lawwali ya tuɓe riga, ya zura singiletin da ya rage, ya ɗaure igiyar wani tsohon kambas, ya ce shi zai tsare gida. Malam Dabo ya tambaye shi shekarunsa. Ya ce ba a tambayar koci.

Ana cikin haka, Baraka ya samu kansa a gaban ragar Ƙonni, ba don ya yi niyya ba, tun ɗazu ya kasa komowa ne. Jijiyar ƙafarsa ta ɗaure, ya faɗi shi kaɗai yana salati, ba kowa kusa da shi. Malam Dabo ya dubi sama, ya dubi mai unguwa, tausayi ya kama shi, ya hura fenareti. 'Yan Ƙonni ko gardama ba su yi ba.

Lawwali ya baro ragarsa ya taho da gudu. "Kowa shi kauce! Wagga tawa ta." Ya ajiye ƙwallo, ya ja baya, ya ƙara ja, har ya kusa tsakiyar fili. Ya ɗaga hannu ya ce wa jama'a, "Ku buɗe ido. Abin da ƙasar Sin ba ta samu gani ba, yau Illela za ta gani."

Aka hura usur. Ya taho kamar an koro shi, laka na tashi. Ya kai ƙafa da dukkan ƙarfinsa. Wani abu ya tashi sama, golan Ƙonni ya yi tsalle ya bi shi bai samu ba, abin ya daki raga can saman kusurwa.

Lawwali bai tsaya duba ba. Ya buɗe hannuwa ya zagaya fili yana ihu, "Na faɗa muku! Na faɗa muku!" Ƙwallon kuwa tana nan, ɗan gusawa kawai ta yi daga inda ya ajiye ta. Mujtaba ya dubi alƙali, alƙali ya ɗaga kafaɗa. Yaron ya ja ta, ya ratsa fili ba mai tare shi, ya kai ta har cikin ragar da Lawwali ya bari a buɗe. Jama'a suka ɓarke da sowa. Lawwali ya ji sowar ya ɗauka tasa ce, sai ya ƙara wuta, ya zube kan gwiwoyi ya sulale cikin laka har gaban mai unguwa, ya yi wa farar rigar nan feshi.

Mai unguwa ya dubi rigarsa, ya dubi ƙafar Lawwali.

"Lawwali, ina takalminka?"

Lawwali ya duba. Ƙafar dama ba komai sai safa mai huda. Ya waiga. Ga golan Ƙonni can yana zaro kambas daga cikin raga.

Ya yunƙura zai tashi, baya ya ce bai san zancen ba. Ya sake yunƙurawa, ya tsaya a durƙushe kamar mai neman gafara. Malam Dabo ya ga abin ya isa haka, ya hura tashi. Shida da nema.

A kurar Baraka aka ɗora shi, kan buhun da ba komai a ciki. Baraka ba ya iya turawa, don haka Mujtaba da abokansa suka kama. Mutanen Illela suka biyo baya jiki a sanyaye, 'yan Ƙonni na ta hon. Abdulmalik ya matso da babur daidai kan Lawwali.

"Yaya Lawwali, motar Abuja ta iso, ga ka a gidan gaba. Sai dai ba ta da inji."

Lawwali na kwance, ido a sama, ruwa na sauka a koren fuskarsa. Can ya ce, "Abdulmalik, wa yac ci ta farko?"

"Mujtaba."

"Ta biyu?"

"Shi dai."

"Ta uku da ta huɗu?"

"Ɗan gidan mai gyaran rediyo."

"Na bayan tashar Illela. Ta biyar?"

"Ƙanensa."

"Ta shida kowa ya gani. To nuna mini ɗan Ƙonni ɗaya da yac ci ƙwallo yau." Ya ɗaga kai iyakar yadda baya ya bar shi, ya ɗaga murya. "Jama'a! Najeriya shida, Nijar ba ko ɗaya! Ni na tura su can da gangan!"

Zulkiflu ya dubi lasifikar da ke hannunsa, ya ga ba shi da wata ƙasar sai wannan, sai ya kafa ta a baki: "Najeriya shida! Nijar ba ko ɗaya!" Nan take 'yan kabu-kabun Illela suka tayar da babura. 'Yan Ƙonni na hon ɗin nasara, 'yan Illela na hon ɗin nasara, aka rasa wanda zai yi wa wani jaje. Haka aka raka kurar har ƙofar gidan Lawwali, yana kwance yana ɗaga wa mutane hannu.

Tayyiba ta leƙo daga zaure. Ta dubi abin da ke cikin kurar tun daga kai har ƙafa: kore, laka, takalmi ɗaya.

"Tayyiba," in ji Lawwali, "fito ki tarbi mai nasara."

Ta juya wajen ƙanenta. "Abdulmalik, mi kunka kawo mini?"

"Mijinki na, Yaya."

"Nawa ba kore ba na. Ku kai shi famfo ku wanke. In ya fito, ku dawo da shi in duba."

Ta ja ƙofa ta rufe. Yaran suka juya kurar suka nufi famfo.